Shaddar da ta Hau Lilo

Tun ranar Laraba na kai ta wurin Jabbi mai bugu,
shaddar nan ruwan toka da na ɗinka bikin Modi.
Na ce ya buge ta har ta riƙa ƙara kamar sabon kuɗi.
Ya ce, "Ina zuwa, Malam Arzika?"
Na ce, "Filin wasan yara."
Ya ajiye mabugi, ya dube ni, bai tanka ba.

Ba don yara na yi ado ba.
An ce can ciki akwai gidan abinci mai bene,
ƙofar gilashi, sanyi kamar cikin randa,
da wani saurayi a bakin ƙofa
mai duban ƙafa kafin ya dubi fuska.
Ni ko na yi wa Hajo alkawari tun tana aji biyu,
ga ta aji huɗu, ga albashi ya shigo.

Ta fito da rigar ƙwallon yayanta,
wando, guntun hijabi, takalmi mai igiya,
da jakar makaranta da uwarta ta cusa wa wani abu.
Na ce, "Haka za ki bi ni?"
Ta ce, "Baba, kai haka za ka bi ni?"

Daga Runjin Sambo kan kabu-kabu,
rana ta sauko ta zauna tsakaninmu ba ta biya ba.
Kafin Gawon Nama
zufa ta zana mani taswira a baya.

Sai lilon nan mai kai mutum sama ya dawo da shi.
Hajo ta haye kamar ƙadangare.
Ni sai da na tattara hannun riga, na naɗe, na sake naɗewa,
yaron injin yana jira, layi yana dariya.
Muna tashi iska ta shige ni ta ko'ina,
na kumbura kamar tantin biki.
Hulata ta yi sallama,
ta sauka kan rumfar mai zoɓo.
Daga can ƙoli na hangi gulbi da gonakin albasa,
na karanta duk abin da na haddace,
har da wanda na ɗauka na manta.
Hajo tana ihu, "Ƙara! Ƙara!"

Kwale-kwalen roba ya ƙarasa aikin.
Ruwa ya cinye bugun Jabbi a minti uku.

Da la'asar muka nufi benen.
Hajo ta shiga ɗakin sallar mata da jakarta,
ta fito cikin atamfa mai ganyen kuka, ɗankwali a karkace,
fes, kamar yanzu aka sauke ta daga mota.
Ni kuwa kamar saniya ta tauna ta tofar.

Saurayin ya dubi ƙafata.
Jar fatar garinmu, ɗinkin hannu daga Tsohuwar Kasuwa,
ita kaɗai ta fito daga yaƙin da mutuncinta.
Ya buɗe ƙofa.

A ciki sanyi ya tarar da jiƙaƙƙiyar riga,
haƙorana suka fara tasbihi.
Teburin gefe wani dattijo ne da jallabiya da silifa,
ma'aikata suna rusuna masa ɗaya bayan ɗaya.
Na dubi silifan nan na daɗe.
Hajo ta zaro rigar ƙwallo ta yafa mani a kafaɗa,
da ita na ci shinkafa da kaza da cokali mai yatsu,
lamba tara a bayana.

Asabar na mayar wa Jabbi.
Ya ɗaga ta sama, ya juya, ya shinshina.
"Mi ya same ta?"
Na ce, "Ta ga gari daga sama."
Ya ce, "Gaba ka sa ta a jaka, ka tafi da 'yar shara."
Na ce, "Wata ta riga ka faɗi,
kuma ita ba ta karɓi kuɗin bugu ba."